Rumbun da Ba a Gani

Kakana a Kware ya gina nasa rumbun,
ya yaɓe shi da laka, ya ɗura masa gero.
Ni nawa a cikin waya yake,
ba ya jin gara, ba ya jin ɓera,
amma yana da ranar mutuwa
rubuce da ƙananan baƙaƙe.

Gidado na banki ne ya ɗora ni a hanya:
"Arzika, kuɗin da dama kashe su za ka yi,
bi da su ta kati.
Kowane ciniki maki ne,
maki kuwa tafiya ce a sama."
Na ce, "Kuɗin ruwa fa?"
Ya ce, "Biya kafin wata ya mutu."
Na kai maganar gaban malaminmu na Mabera,
ya juya ta kamar waina a tanda,
ya ce, "Ranar da ka makara, kai ka jiyo."
Shekara uku ban makara ba.

Gishirin jima, kati.
Man motar da ke kai jar fata Legas, kati.
Maganin Inna, kuɗin makarantar Luba,
har injin niƙan maƙwabcina Tambari
ni na goga, ya ƙirgo mini tsaba a zaure
yana kallona kamar mai taɓin hankali.

Kulu takan farka ta gan ni cikin hasken waya.
"Mi kaka ƙirga da tsakad dare?
Mutane na jan carbi, kai kana jan gilashi."
Na ce teku nake tara mata.
Ta ce, "Tara min ruwa a randa tukuna,"
ta juya baya.
Ita da iyakar tafiyarta Gusau,
biki, a bayan mota mai zafi.

Da rumbu ya kusa cika
sai masu jirgi suka ƙara wa mudunsu zurfi.
Abin da jiya ya isa mutum biyu
yau ya bar ƙafar ɗaya a ƙasa.
Na sayi firji ba don muna bukata ba,
yana nan a tsakar gida, kaji na kwana a kansa.
Harajin tikiti kuma, ashe,
ba ya jin yaren maki, sai naira.

Ranar da na zo ɗiba
kwana tara ya rage makin ya ruɓe.
Kujera ɗaya Talata.
Kujera ɗaya Alhamis.
Na kira, na roƙa, wata murya mai ladabi
ta ba ni haƙuri har katin wayata ya ƙare.

Kulu ta ce, "Ba ni Talatar.
Ƙanena na can yana karatu, shi tarbe ni."

Na rubuta mata komai a bayan rasit:
Abuja, sauka, jira, ƙofa ta kaza,
sannan dogon zama har Maleshiya.
Ta ninke shi, ta ɗaure a bakin zane
tare da goro biyu.

Yanzu ga ni, daren Laraba,
an ɗauke wuta, zafin Sakkwato ya zauna mini a ƙirji,
jakata a ɗaure bakin ƙofa.
Rumbu ya koma sifili.
Sai ga saƙon murya, daƙiƙa ɗaya da rabi.
Ba sallama, ba magana,
ruwa ne kawai yake zuwa yana komawa,
yana zuwa,
can ƙarshe dariyarta,
irin wadda rabona da ji tun Luba na goye.

"Arzika, nan har gari ya waye.
Na riga ka shiga gobe.
Ka taho da yaji, abincinsu ba ya da faɗa."